Fairuz a Bauchi: Sawun Shuɗin Dutse Daga Ma'adini Zuwa Kasuwa

Fairuz dutsen ado ne mai launi tsakanin shuɗi da kore, haske ba ya ratsa shi, kuma yana cikin duwatsun da ɗan Adam ya fi daɗewa yana haƙowa don kwalliya. Sunansa ya shigo ƙasar Hausa daga Larabci ta bakin malamai da alhazai, su kuma Larabawa daga Farisa suka karɓo sunan tare da dutsen. A garin Bauchi an fi ganinsa a kan zoben azurfa na maza, sannan a jikin carbi, da duwatsun wuya da 'yan kunne na mata. Sai dai ba kowane shuɗin dutse da ake kira fairuz a kasuwa ne fairuz ba, kuma na ainihin ma baƙo ne, daga nesa yake zuwa. Mai son rarrabe gangariya da jabu sai ya san abu biyu: yadda dutsen ke samuwa a cikin ƙasa, da hanyar da yake bi kafin ya iso hannunsa.

Abu huɗu ne ke haɗuwa su ba da fairuz: jan ƙarfe, alminiyam, sinadarin fosfet da ruwa. Jan ƙarfen ne ke ba shi shuɗi. Idan baƙin ƙarfe ya yi yawa a cikinsa, sai launin ya karkata zuwa kore. A busassun ƙasashe yake samuwa, inda ɗan ruwan saman da ake yi ke tsiyaya a hankali ta cikin duwatsu masu jan ƙarfe, ya narkar da sinadaran, ya ajiye su a tsagogin dutse kusa da doron ƙasa. Shi ya sa ake tarar da shi siriri-siriri a cikin tsaga, ko kuma ƙananan dunƙule, babba kuwa sai an tona. Baƙaƙen jijiyoyi ko masu ruwan ƙasa da ake gani a jikinsa ragowar uwar dutsen da ya samu a cikinta ne.

Daga Jos zuwa Bauchi

Matafiyin da ya taso daga Jos ya nufi Bauchi yana da tafiyar kusan kilomita 130 a gabansa, kuma mafi yawanta a tsakanin duwatsu yake yin ta. Zai gangaro daga tsaunin Filato ya shiga ƙaramar hukumar Toro, ya wuce Tilden Fulani, da Magama Gumau, da Nabordo, har ya hangi Dutsen Zaranda tsaye shi kaɗai a cikin fili. Da yawa daga manyan duwatsun wannan yanki narkakken dutse ne da ya taso daga can cikin ƙasa ya daskare fiye da shekara miliyan 150 da suka wuce. Su ne suka ba da kuzar da ta jawo kamfanonin Turawa a farkon ƙarni na 20, lokacin da Jos ma tana cikin Lardin Bauchi. Don kwasar wannan kuza aka shimfiɗa ƙaramin layin dogo daga Zariya zuwa Jos da Bukuru, aka laƙaba masa sunan Bauchi duk da bai taɓa isa garin ba. Ya kammalu a 1914, aka rufe shi a 1957.

Ƙasar da ta ba da kuza ita ce kuma ke ba da duwatsun ado. A ramukan masu haƙa na Toro da maƙwabtanta ana samun tofaz, da akwamarin mai ruwan bula, da tomalin, da amatis, dillalai su saya su kai Jos, daga can akasarinsu su fita ƙasashen waje ba tare da an yanka ko an goge su ba. Waɗannan duka duwatsu ne masu kusurwa da ƙyalli, haske na ratsa su, domin a cikin zafi suka samu, a zurfin ƙasa. Yanayin da ya haife su ya sha bamban da wanda ke haifar da fairuz, don haka ba a lissafa Bauchi, ko Nijeriya baki ɗaya, cikin wuraren da duniya ta sani da haƙar fairuz. Duk wanda aka miƙa wa dutse mai ruwan bula, ya ɗaga shi sama ya ga haske ya ratsa, to ko akwamarin ne, ko tofaz, ko gilashi. Fairuz dai ba ya haka.

Garin Bauchi kansa yana da suna a ilimin duwatsu. Akwai wani dutse mai duhun kore da ake samu a tsaunukan garin, wanda J. D. Falconer ya fara bayyanawa a littafinsa na 1911 kan duwatsun Arewacin Nijeriya. Daga baya Farfesa Oyawoye, mutumin Offa, ya yi masa nazari mai zurfi ya raɗa masa suna bauchayit, kuma da wannan suna masana suka san shi har yau. Ba dutsen zobe ba ne, amma shaida ce cewa garin da ake sayar da baƙon dutse a cikinsa yana zaune ne a kan nasa na gado.

Cikin gari

Malam Yakubu, almajirin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, shi ya kafa Bauchi a 1809, aka kewaye ta da ganuwa mai tsawon kusan kilomita 10 da ƙofofi tara. Ganuwar ta zaizaye a wurare da dama, amma sunayen ƙofofin na nan a bakin jama'a, da su ake kwatance: Ƙofar Ran, inda kabarin Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa yake kusa, Ƙofar Wunti, Ƙofar Nassarawa, Ƙofar Wambai, Ƙofar Dumi, Ƙofar Wase da sauransu. Mai neman kayan ado yakan fara da Kasuwar Wunti ko Babbar Kasuwa, ya bi layin 'yan koli. Nan ake rataye da jigida, da sarƙoƙi, da warwaro, da duwatsun wuya kala-kala, cikinsu har da shuɗɗa masu baƙin zane waɗanda a ido ba su da maraba da fairuz. Ana sayar da zare guda a kuɗin da bai kai na ƙwaya ɗaya ta fairuz na ainihi ba, kuma farashin kaɗai ya isa ya faɗa wa mai hankali abin da ke hannunsa. Araha ba ta ado.

Zobban maza kuwa an fi cin karo da su ranar Juma'a, a harabar babban masallaci da ke kusa da fadar Sarki, inda masu turare, da carbi, da huluna, da littattafai ke baza kaya. Mai zobba yakan jera su a ƙaramin akwati mai murfin gilashi: jan aƙiƙ, baƙin dutse, fari, kore, da shuɗi ɗaya ko biyu. Mai saye ya gwada a yatsa, ya tambayi sunan dutsen, ya taya, mai kaya ya ce albarka, a yi ta ja har a daidaita. Wanda ya zo da dutsensa daga tafiya kuma yakan kai wa maƙerin fari, wato mai aikin azurfa da tagulla, ya ƙera masa gida ya ɗora shi a kai.

Shigo da dutsen ado daga nesa ba sabon abu ba ne a ƙasar Hausa. Tsakiyar da iyaye mata ke gadar wa 'ya'yansu aƙiƙ ce, kuma da yawanta daga Kambay ta Indiya ta fito. Murjani daga teku ake ciro shi, ya ratso Sahara ta hannun fatake. Lantana, wani jan dutse, fatake Hausawa ne ke ɗauko shi daga yankin kogin Kwara a cikin Nijar ta yau su kai Ilori, a can a huda shi a goge. Masagan Bida sun shahara da narka gilashi su yi duwatsun wuya da awarwaro. Kwaikwayo ma tsohon abu ne. A ƙarni na 19 garin Idar-Oberstein na Jamus ya riƙa yanka aƙiƙ ɗin Birazil yana rina shi, yana yin talhatana irin wadda Buzaye da Hausawa ke so, sannan masana'antun Bohemiya, a ƙasar Cek ta yau, suka zo suka kwaikwayi wannan ɗin da gilashi. Tsofaffin mata sun san bambancin, sukan gane tsakiya ta gaske da nauyinta, da sanyinta, da yadda zare ya ci bakin hudarta. Irin wannan idon ne ake bukata a kan fairuz.

Tsarabar Makka

Babbar hanyar da zoben fairuz ke shigowa Bauchi ita ce aikin Hajji da Umra. Alhazan jihar na tashi daga filin jirgin sama na Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Durum, su dawo da dabino, da zamzam, da carbi, da dardumar salla, da zobba. Sha'awar zoben azurfa tana da tushe a addini. Ya tabbata cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa zoben azurfa, kuma a wata ruwaya ta Imam Muslim dutsen kansa na Habasha ne. An haramta wa maza zinariya, aka halatta musu azurfa, malaman Malikiyya kuma suka iyakance shi da zobe ɗaya wanda bai wuce nauyin dirhami biyu ba, wato wajen giram 6. Game da maganganun da ake yawo da su cewa wani dutse na jawo arziki ko yana kare sharri, manyan malaman hadisi ba su inganta su ba, Ibnul Jauzi ma ya sa wasu ruwayoyin falalar aƙiƙ cikin littafinsa na ƙagaggun hadisai. Dutse ado ne, darajarsa a kyansa da ƙarancinsa take.

Abin da ya kamata alhaji ya riƙe shi ne, Makka da Madina kasuwa ce, ba ma'adini ba. Kayan da ke shagunansu daga Yaman, Iran, Indiya, Pakistan, Turkiyya da Sin ake kawo su, nagari da na banza a haɗe. Cewa zobe daga Makka ya zo yana nuna inda aka saye shi ne kawai, ba ya tabbatar da dutsen da ke kansa. Haka abin yake ga kayan da 'yan kasuwa ke sarowa daga Dubai da Guwanzu su sauke a Kano, daga nan su bazu zuwa Bauchi da sauran garuruwa.

Inda ake haƙo shi

Sawun fairuz mafi shahara yana komawa Naisabur, a yankin Khurasan na arewa maso gabashin Iran, garin da ɗaliban ilimi suka sani a matsayin mahaifar Imam Muslim. Wajen kilomita 50 arewa maso yamma da garin akwai wani ƙauye da ake kira Ma'adan, kuma an shafe fiye da shekara 1,000 ana haƙa a tsaunin da ke bayansa. Fairuz ɗin Naisabur mafi daraja shuɗi ne tas, ba zane, kuma da shi ake auna na sauran wurare. Akasari a Mashhad ake yanka shi a goge. Abu Raihan al-Biruni, wanda aka haifa a 973, ya yi maganarsa a littafinsa na duwatsu masu daraja, al-Jamahir, kuma yana cikin waɗanda suka fara auna nauyin duwatsu ta hanyar ruwan da suke turewa. Daga Farisa dutsen ya riƙa isa Turai ta kasuwannin Turkawa, abin da ya sa Turawa suka jingina shi ga Turkiyya alhali ba can ne tushensa ba.

Ma'adinan Sina'i ta Masar sun girme wa na Naisabur a rubutaccen tarihi. Fir'aunoni sun riƙa tura ayari zuwa Wadi Maghara da Sarabit al-Khadim, inda har suka gina wurin bautar gunkinsu Hathor a kan tsauni. A 1901 Flinders Petrie ya tono awarwaro huɗu a kabarin Sarki Djer da ke Abidos, na zinariya da fairuz da wasu duwatsu, waɗanda aka yi wajen shekara 3,000 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam. Akwai fairuz kuma a jikin fuskar zinariya ta Tutankhamun, wanda aka gano kabarinsa a 1922. Su Misirawan ne kuma suka ƙware tun farko wajen kwaikwayonsa: sukan niƙa farin dutse, su cuɗa, su gasa shi da sinadarin jan ƙarfe, ya fito da shuɗin ƙyalli.

A yau ƙasar Sin ce ke kan gaba wajen fitar da fairuz, musamman daga yankin Zhushan na lardin Hubei. Tarihinsa a can ma mai tsawo ne: a 2002 an tono wani abu mai siffar maciji a Erlitou, lardin Henan, wanda aka jera da ƙananan fairuz sama da 2,000, ya kuma haura shekara 3,500. Mutanen Tibet da Ladak na ɗinka shi a kayan kai na mata, ya zama dukiyar da uwa ke bar wa 'yarta.

Tushe na huɗu shi ne kudu maso yammacin Amurka, a jihohin Arizona, Nebada da Niyu Meziko. Mutanen asalin ƙasar sun haƙa shi a tsaunukan Cerrillos ɗaruruwan shekaru kafin zuwan Turawa, an kuma tono dubban ƙwayoyinsa a kufan Chaco. A Meziko, mutanen Aztek sun riƙa jera shi a kan itace, kamar macijin nan mai kai biyu da ke gidan tarihi na Birtaniya a Landan. Haɗa shi da azurfa kuwa, irin wanda aka san ƙabilar Nabaho da shi, bai daɗe haka ba: sun koyi ƙirar azurfa a tsakiyar ƙarni na 19, suka fara ɗora dutse a kai wajen 1880. Da yawa daga fairuz ɗin Amurka a ramukan haƙar jan ƙarfe ake samunsa, kuma wasu sanannun ma'adinan sun daina fitar da shi, kamar Sleeping Beauty ta Arizona wadda ta tsaya a 2012. Ƙarancin nagari da yawan masu so su ne suka buɗe wa jabu ƙofa.

Kama da wane ba ta wane

Abin da ake sayarwa da sunan fairuz ya kasu kashi huɗu. Na farko shi ne na ainihi wanda yanka da guga kawai aka yi masa. Shi ne mafi ƙaranci, mafi tsada. Na biyu na ainihi ne amma mai laushi, wanda aka ɗura wa danƙon roba a cikin ƙofofinsa don ya yi ƙarfi ya kuma riƙe launi. An fara wannan gyara a Arizona a shekarun 1950, kuma mafi yawan fairuz na gaske da ke kasuwannin duniya irinsa ne. Ba laifi ba ne sayar da shi matuƙar an faɗa wa mai saye. Na uku garin fairuz ne ko ɓarɓashinsa da aka cuɗa da danƙo da rini, aka matse ya zama dunƙule aka yayyanka. Na huɗu ba fairuz a cikinsa ko kaɗan: roba ce, ko gilashi, ko tangaran, ko wani farin dutse da aka rina.

Fararen duwatsun da aka fi rinawa biyu ne, hawlayit da magnesayit. Dukansu na shan rini sosai, kuma suna da nasu jijiyoyin masu ruwan toka, don haka idan aka yi musu shuɗi sai su ruɗi ido. Akasarin duwatsun wuya masu araha da ake cewa fairuz ne, su ne. Akwai kuma wanda ake haɗawa a masana'anta, kamar na kamfanin Gilson na Faransa da ya fito a 1972.

Ban da waɗannan, akwai duwatsun Allah da Annabi da suka yi kama da shi ba tare da an taɓa su ba. Amazonayit kore ne mai ratsin fari da ɗan walƙiya idan an juya shi, kuma mutanen Sahara sun yi ado da shi tun zamanin da, suna haƙo shi a Eghei Zuma ta kudancin Libiya. Kirisokola ma jan ƙarfe ne ke ba shi launi, amma yawanci ya fi fairuz laushi. Wanda 'yan kasuwar intanet ke kira fairuz ɗin Afirka kuwa wani irin dutsen jasfa ne mai ɗigo-ɗigo, sunan kasuwa kawai aka ba shi.

Gwaji a gaban mai kaya

Gwajin farko na ido ne, a hasken rana, ba a ƙarƙashin fitilar shago ba. Fairuz na da sheƙi mai taushi irin na kakin zuma, ba ya walƙiyar gilashi. Launinsa kan ɗan bambanta daga wannan gefe zuwa wancan, kuma da wuya ƙwayoyi ashirin a zare ɗaya su zo iri ɗaya sak. Idan duk sun zo launi guda da zane guda, to na inji ne. Madubin da ke ƙara girma sau 10 yana nuna abin da ido ba ya gani: rini kan taru ya yi duhu a cikin tsaga, gilashi kan nuna ƙananan kumfa, roba kan bar layin da aka haɗa mazubinta. Wurin da ya fi tona asiri shi ne cikin huda ko inda dutsen ya ɗan ɓalle. Idan waje shuɗi ne ciki fari, rinanne ne.

Na biyu shi ne taɓawa da nauyi. Dutse kan yi sanyi idan aka ɗora shi a kunci ko leɓe, ya jima kafin ya ɗauki zafin jiki, roba kuwa nan take take ɗumi, ga ta sakayau a hannu. Mai son tabbaci, idan dutsen ba a kan zobe yake ba, sai ya nemi ƙaramin sikeli irin na masu zinariya. A auna shi a fili, a sake auna shi yana rataye da zare a cikin ruwa, a raba nauyin farko da bambancin da ke tsakanin nauyin biyu. Fairuz kan ba da tsakanin 2.6 da 2.9, roba ba ta kai 2 ba. Wannan gwaji na fitar da roba sarai, amma ba ya wadatarwa a kan hawlayit da gilashi, domin nauyinsu na kusa da na fairuz.

Na uku shi ne tauri. A ma'aunin da Friedrich Mohs ya tsara a 1812, wanda ya tashi daga 1 zuwa 10, fairuz na tsakanin 5 da 6. Hawlayit 3.5 ne, magnesayit bai wuce 4.5 ba, tofaz 8, daiman 10. Tsinin allura ko wuƙa na karce hawlayit cikin sauƙi har ya fitar da farin gari, amma da ƙyar yake kama fairuz nagari. Sai gwajin rini: a jiƙa auduga da ruwan goge jan farce a murza a bayan dutsen, idan ta yi shuɗi an rina shi. Rashin fitar launi ba hujja ba ce, domin wasu ana shafe su da abin da ke tsare rinin. Akwai kuma gwajin allura mai zafi, wadda ke narka roba ta tayar da wari, amma tana ɓata dutse na gaske. Waɗannan gwaje-gwaje masu barin tabo ba a yin su sai a ɓoyayyen wuri, kuma sai da izinin mai kaya.

Gidan zoben ma abin dubawa ne. Lambar 925 da ake bugawa a ciki na nufin kashi 925 cikin 1,000 azurfa ce, sai dai ana buga ta a jikin na boge. Maganaɗisu ba ya kama azurfa, don haka zoben da ya manne masa ƙarfe ne da aka wanke da ruwan azurfa. Ba gwaji ɗaya da ke yanke hukunci shi kaɗai, haɗuwarsu ce ke ba da natsuwa.

Kulawa da amana

Fairuz na shan mai da ruwa kamar sabuwar tukunyar ƙasa. Turaren mai da ake shafawa a hannu, da man shafawa, da sabulu, da gumi, duk suna shiga cikinsa su mayar da shuɗinsa kore, kuma ba ya komawa yadda yake. Wannan ne asalin tsohuwar maganar da ake yi a ƙasashe da dama cewa dutsen na sauya launi idan mai shi ba shi da lafiya. Zafin wuta da daɗewa a rana na busar da ruwan cikinsa ya koɗe ko ya tsage, saboda haka maƙerin da ya san aikinsa ba ya kai zobe wuta da dutsen a kai. Ƙurar hunturu ma na ɗauke da ɓarɓashin yashi wanda taurinsa ya kai 7, idan aka murza ta a kan dutsen sai ta dusashe shi. Hanyar da ta dace ita ce a cire zobe kafin wanki ko shafa turare, a hure ƙura kafin a goge da tsumma mai laushi, a kuma ajiye shi daban da sauran duwatsu masu tauri.

Ƙaramin ɗan kasuwa sau da yawa shi ma bai san abin da ya saro ba, da sunan da aka sayar masa yake sayarwa. Amma wanda ya sani ya ɓoye ya yi algus, kuma Musulunci ya hana. Mai saye na da haƙƙin ya yi tambaya uku kafin ya biya: wane dutse ne, daga wace ƙasa, kuma an yi masa gyara ko ba a yi ba. Mai kayan da ya ce wannan rinanne ne, wancan gyararre ne, ba ya asarar ciniki, domin kowanne na da mai so a farashinsa, kuma amanar da ya samu ta fi ribar rana ɗaya.

Dutse mai tsada da ake shakka a kansa, sai na'ura. A ɗakin gwaji ana auna yadda yake karkata haske, wanda ga fairuz ke tsakanin 1.61 da 1.65, a kuma binciki sinadaran cikinsa don gano danƙo ko rini. A cikin Bauchi, Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, wadda aka kafa a 1980, tana da sashen ilimin duwatsu, nan ne mafi kusa da ake samun masana. Jos na da Cibiyar Nazarin Haƙar Ma'adinai ta Nijeriya da tsofaffin dillalan duwatsu, Kaduna kuma na da manyan ɗakunan gwaji na Hukumar Binciken Ma'adinai ta Ƙasa. Wannan ilimi na tantancewa bai tsaya ga mai sayen zobe ba. Mai haƙar Toro da ke sayar da akwamarin ko tomalin ɗinsa a bakin rami shi ma yana bukatarsa, domin wanda bai san sunan dutsensa da darajarsa ba, farashin da aka yanka masa shi zai karɓa.